Keken Tura Yaro: Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, da zarar yaro ya fara tatata, ya yi wa majanyi nauyi, sai mu shiga neman keken tura shi. Amma yawancinmu girma da ƙyalli muke bi, mu zuba albashi a kan abin da ba ya shiga a-daidaita-sahu. Alhali kuwa keke mai naɗewa kamar laima, wanda Owen Maclaren na Ingila ya ƙera a 1965, bai kai kilo 3 ba.

A lungunan Kano, duk inda kwata ta tare hanya, uwa ce ke ciccibar keke da yaro. Saboda haka mu zaɓi marar nauyi, mai saurin naɗewa, mai birki da ɗamara da rumfar rana. Wanda ya fi ƙarfin uwa, a zaure zai tsufa.