Ƙaramin Kare a Gida: Yaushe Ya Kamata a Yi Masa Fiɗiya?

 

Na san wasu da sun ga kan maganar nan za su ce, "Shi kuma wannan me ya kai shi batun kare?" Ku yi haƙuri ku karanta zuwa ƙarshe. Gaskiya ne a gida Bahaushe ba ya shiga sabgar kare sai in mafarauci ne, ko makiyayi, ko mai gona. Amma zaman Ikko daban yake. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu masu gadi da direbobi da masu aikin gida, a Ikeja ko Lekki ko Bodija ta Badun, kula da kare yana cikin aikinsu, ko sun so ko sun ƙi. Wasunmu kuma masu shago ko sito da kansu suka ajiye saboda ɓarayi, kuma sau da yawa ƙarami suke zaɓa, don ba ya cin abinci da yawa ga shi da haushi kamar me. To abin da ya zama a cikin gidanka yake, rashin saninsa asara ce.

Ga abin da ya sa na ɗauko maganar. Ina da ƙane da ke gadi a wani gida a Ikeja. Uwar ɗakinsa tana da wata ƙaramar karya mai gashi buzu-buzu, irin da ake kira Lhasa Apso, wadda nauyinta bai wuce kilo shida ba. Tana da kimanin wata takwas sai ya fara ganin ɗigon jini a tsakar gida, ya ɗauka ciwo ta ji. Bayan kwana biyu sai ga karnukan unguwa sun yi sansani a bakin ƙofa, kora duk kora sun ƙi tafiya. Wata safiya ya buɗe wa mota ƙofa, ashe ta sulale ta fice, ba a gan ta ba sai bayan awa guda. Ya yi shiru da bakinsa don tsoron faɗa. Bayan wata biyu, ƙarfe ɗayan dare, sai ga wayarsa: "Yaya, don Allah ka zo, karyar Madam za ta mutu a hannuna." Naƙuda ce ta zo, 'ya'yan sun fi ƙarfin ƙugunta, don babban kare ne ya haye ta. Sai da likitan dabbobi ya yi mata aiki ya ciro su, guda ɗaya ya rayu cikin uku. An yanke wa ƙanina wani abu daga albashinsa, da ƙyar da ban haƙuri aikin nasa ya tsira.

Da muka koma cire zare, likitan ya dube mu ya ce, "Me ya sa ba a kawo ta tun tana wata shida ba?" Wannan tambaya ce ta sa na zauna na bi diddigin lamarin, kuma ra'ayin da na tsaya a kai shi ne: in dai ƙaramin kare ne, kuma ba kiwonsa ake yi don a sayar da 'ya'ya ba, to a yi masa aikin nan yana wajen wata shida. In mace ce, a yi kafin ta fara neman barbara na farko.

Bari mu fara da mene ne aikin. Fiɗiya dai ba baƙuwarmu ba ce, kowa ya san yadda bunsuru ke zama taure. A wajen kare namiji, likita kan sa shi barci ya cire 'ya'yan marainansa. A wajen mace kuwa aikin ya fi girma, don sai an buɗe ciki an cire jakar ƙwai, galibi har da mahaifar. Karya kan shiga lokacin barbara kusan sau biyu a shekara, kowane karo yakan ɗauki mako biyu zuwa uku, cikinta kuma kwana 63 ne ko kusa da haka. Abin lura a nan shi ne, ƙananan karnuka sun fi manya saurin balaga. Wata tun tana wata shida take farawa, wata ma kafin nan, alhali mai gida yana yi mata kallon kwikwiyo.

To me ya sa na ce wata shida? A shekarar 2019 ƙungiyar asibitocin dabbobi ta Amurka, wato AAHA, ta fitar da jagora ga likitoci, inda ta raba karnuka gida biyu. Wanda in ya gama girma ba zai kai kilo 20 ba, a yi wa namiji a wata shida, mace kuma a wata biyar zuwa shida, kafin barbarar farko. Manya kuwa, irin su Rottweiler da karen Jamus da ake gadi da su, in namiji ne a jira sai ƙashinsa ya gama girma, tsakanin wata tara zuwa 15. Dalilin bambancin shi ne, sinadaran da maraina da jakar ƙwai ke fitarwa suna da hannu wajen tsayar da girman ƙashi. In aka cire su da wuri a jikin babban kare, ƙashin kan zarce da tsawo fiye da kima, gaɓoɓi su samu matsala. A shekarar 2020 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun fitar da sakamakon nazarin da suka yi kan nau'in karnuka 35, suka ga wannan matsala ta gaɓoɓi ta manya ce, ƙanana kusan ba ta shafe su ba. Ke nan shawarar "a jira ya shekara" da ake ji a bakin masu manyan karnuka daidai ce a wajensu, amma ba ta ƙaramin kare ba ce.

Ga mace, ribar yin aikin da wuri ba ta tsaya kan hana ciki ba. Akwai wata cuta da mahaifa ke cika da mugunya, wadda takan zo makonni kaɗan bayan barbara, kuma tana kisa in ba a yi aikin gaggawa ba. Bayanan inshorar dabbobi a ƙasar Suwidin sun nuna kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar na karnuka mata da ba a yi wa aiki ba kan kamu da ita kafin su shekara goma. Wadda aka cire wa mahaifa da jakar ƙwai kuwa ta huta da wannan. Sai kuma sankarar nono. Wani tsohon bincike na 1969 ya nuna wadda aka yi wa aikin kafin barbarar farko haɗarinta ya yi ƙasa ƙwarai, kuma yana ƙaruwa da kowace barbara da ta wuce. Don a yi adalci, a 2012 wasu masana a Landan sun sake duba binciken da aka yi kan wannan batu, suka ce hujjar ba ta kai ƙarfin da ake ba ta ba. Na yarda. Amma ko an ajiye batun sankara gefe, cutar mahaifa da cikin da ba a shirya ba sun isa dalili.

Sannan mu tuna inda muke zaune. Bature da ke da katanga da lambu yana iya cewa zai tsare karyarsa mako uku. Mu kuwa ƙofa a buɗe take yini, mai ruwa ya shiga, mai shara ya fita, yara suna kai da komo. Karnukan titi ga su nan birjik, kuma akwai wani ƙari da ke fitowa a al'aurarsu wanda ta hanyar barbara suke ɗaukarsa, ya yawaita a ƙasashe masu zafi irin namu. Babbar magana kuma ita ce ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu daga cizon kare ne, yara ne kuma suka fi shiga haɗari. Namijin da ke tsallake katanga yana bin mata yana faɗa, shi ne zai kwaso ya kawo cikin 'ya'yanka. Fiɗiya tana rage wannan yawo sosai, duk da cewa ba ta maye gurbin allurar rigakafi.

Yanzu bari in taɓo abubuwan da na ji mutane suna faɗa. Na farko, wai a bar ta ta haihu sau ɗaya don jikinta ya yi ƙwari. Wannan zance ne kawai, haihuwa ba ta ƙara mata lafiyar komai, kuma ga ƙaramar karya ita ce ma babban haɗarin, kamar yadda muka gani da idonmu. Na biyu, wai in an fiɗiye shi zai zama rago ya daina gadi. Abin da ke raguwa shi ne yawo da ɗaga ƙafa yana fitsari a kowane lungu. Haushi in ya ji baƙon motsi yana nan, kuma ai shi ne aikin ƙaramin kare, ba kokawa da ɓarawo ba. Na uku, wai zai yi ƙiba. Wannan kam akwai gaskiya a ciki, don bayan aikin jikinsa ba ya bukatar abinci kamar da. Maganinsa a hannunka yake: rage masa kwano, ka bar shi ya motsa.

Na huɗu shi ne wanda ya fi nauyi a zuciyar mutanenmu, wato ko wannan ba cutar da dabba ba ne? Malamai suna da maganganu kan fiɗiyar dabbobi, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya zauna da malaminsa. Abin da zan ce kawai shi ne a auna da abin da muke gani kullum. Wa bai taɓa ganin 'yan kwikwiyo a cikin kwali an yar a bola ko bakin kwata ba? Dabbar da ka ajiye amana ce a wuyanka, da ita da abin da ta haifa. Aikin da ake yi sau ɗaya, dabbar tana barci, a hannun wanda ya san aikinsa, ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba. Abin da ba zan taɓa goyon baya ba shi ne dandaƙa ko reza a bayan gida. Wannan zalunci ne.

Sai dai kada a ce na ce wata shida doka ce da ba ta da togiya. Akwai wuraren da za a saurara. In kwikwiyon ya cika ƙanƙanta, ko ba shi da lafiya, ko bai gama alluransa ba, a jira, don ƙaramin jiki yana saurin yin sanyi kuma sukarin jininsa na saurin faɗuwa a lokacin aiki. In mace ta riga ta shiga barbara, likitoci sun fi son a bari sai bayan wata biyu zuwa uku, saboda a lokacin jijiyoyin jini sun kumbura. Akwai kuma nau'o'in da suka fita daban: shi binciken na 2020 ya ga ƙaruwar sankara a Boston Terrier da Shih Tzu gwargwadon shekarun da aka yi musu aikin, Dachshund mai dogon baya kuma an danganta yi masa da wuri da ciwon ƙashin baya. Don haka ka faɗa wa likita ainihin irin karen. In kuma namiji ne da ya kai wata shida ɗan maraininsa ɗaya bai sauko ba, abin da ya yawaita a ƙananan karnuka, to shi kam aikin ya zama dole, don wanda ya maƙale a ciki ya fi saurin zama ƙari. Haƙoran nono da suka ƙi faɗuwa ma a wannan barcin ake cire su, jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Bayan aiki, kwana goma zuwa 14 ne ake lallaɓawa. Ba wanka, ba tsalle-tsalle, a sa masa robar nan mai kama da mazurari a wuya don kada ya lashi ɗinkin. Batun kuɗi kuwa, a tambayi asibitin dabbobi na gwamnati ko na koyarwa, irin na Jami'ar Badun, kafin a yanke cewa ba za a iya ba. Ko nawa ne dai, bai kai kuɗin aikin tsakar dare ba.

Daga ƙarshe, kira na ga 'yan'uwana masu gadi da masu aikin gida. Kare ba naka ba ne, amma ran da abu ya ɓaci kai za a fara tambaya. Da ka ga an kawo sabon kwikwiyo, tambayi watanninsa, ka tuna wa mai gida cikin ladabi cewa ya kamata likita ya gan shi kafin wata shida. In ka ga ɗigon jini ko karnuka sun taru a ƙofa, ka faɗa a ranar, kada ka yi irin shirun ƙanina. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ke da ƙarin bayani ko gyara, ƙofa a buɗe take. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu, Ya mai da mu gida lafiya. Sai mun sake haɗuwa.