Injin da za a gyara a bakin ruwa shi ya kamata mu saya

A taronmu na ƙarshen wata an amince ƙungiya ta sayi ƙaramin jirgin ruwa domin fita shan iska da iyalai a tafkin Shiroro, a kuma riƙa ba da hayarsa ranakun da ba ma amfani da shi. Maganar jirgi ta ƙare, saura ta inji, inda kawuna suka rabu. Abin da zan faɗa ra'ayina ne, ba matsayar shugabanni ba.

Injin da ake rataya wa jirgi a baya iri biyu ne a kasuwarmu. Akwai mai bugu biyu, wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, kamar ƙaramin janareta Tiger ko tsofaffin baburan nan masu hayaƙi. Akwai kuma mai bugu huɗu, wanda baƙin mansa ke zaune daban kamar na mota. Na lantarki ma ya fito, amma kuɗin batirinsa da halin wutarmu sun fitar da shi daga lissafi, duk da cewa madatsar Shiroro mai megawat 600 tana maƙwabtaka da mu tun 1990.

Masu son mai bugu huɗu suna da hujja. Ba ya shan mai sosai, ba ya ƙara, ba ya turnuƙe mutane da hayaƙi. Kafin a cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba, a ƙarshen 2024 kuwa ta haura 1,000. Wanda ya ce a yi tattalin mai bai yi laifi ba. Gaskiya ne kuma mai bugu biyu yana zubar da wani kaso na mansa cikin ruwa ba tare da ya ƙone ba, shi ya sa aka hana tsofaffin irinsa shiga tafkin Tahoe na Amurka tun 1999.

Duk da haka ni mai bugu biyu nake goyon baya, sabo fil, mai ƙarfin doki 40, irin Yamaha Enduro.

Dalili na farko shi ne gyara. Wanda ya taɓa zuwa bakin ruwa a Zumba, ko Malale da ke gefen tafkin Kainji, ya san irin injin da ke bayan yawancin jiragen fasinja da na masunta. Bakaniken wurin ya san cikinsa da wajensa, filogi da farfela da robar famfon ruwa ba su da wuyar samu. Sababbin masu bugu huɗu kuwa da yawansu ba kafireta gare su ba, na'ura ce ke auna musu mai, in sun yi gardama sai an jona su da kwamfuta. Ba sa kuma jure gurɓataccen fetur, mu ko mun san wani lokaci a hannun 'yan bumburutu za mu sayi mai. Mota in ta lalace sai a gangara gefen titi a jira. Jirgi in ya mutu a tsakiyar ruwa da mata da yara, iska ta taso, babu gefen titi.

Na biyu, lissafin man. Mu ɗauka za mu fita sau biyu a wata, awa uku kowace fita. Awa 72 ke nan a shekara. Mai ɗaukar fasinja kullum shi ne rangwamen mai ke mayar wa da kuɗinsa da wuri. Mu sai mun yi shekaru kafin 'yan litocin da muka rage su cike tazarar farashin injinan biyu, ga canjin baƙin mai da matata duk bayan awa 100 ko shekara guda. Idan hayar ta kankama har jirgin yana aiki kullum, ni zan fara kawo shawarar a canza.

Na uku, nauyi. Mai bugu biyu na doki 40 bai wuce kilo 70 da 'yan kai ba, takwaransa kuwa yana kusan kilo 100. Ba za mu bar inji ya kwana a bakin ruwa ba, kullum sai an cire an adana. Mutum biyu za su iya ɗaukar na farko, na biyun kuwa sai an nemi ƙarin hannu.

Ina kuma roƙon mu guji abu biyu. Kada araha ta ja mu ga inji na hannu, domin wanda ya yi aiki a ruwan gishiri yakan yi kyau a fenti alhali cikinsa ya cinye. Kada kuma a ce a ƙaro doki 60 ko 75 don jirgi ya yi gudu. Kowane jirgi da iyakar ƙarfin da maƙeransa suka rubuta masa, kuma akwai kututtukan itatuwa a ƙarƙashin tafkunan nan tun lokacin da ruwa ya mamaye daji. Gudu a kansu ganganci ne.

Ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a Mayun 2021 ba, ko wanda ya kife da masu dawowa daga Mauludi a yankin Gbajibo na Mokwa ranar 1 ga Oktoba, 2024. Yawan lodi, tafiyar dare da rashin rigar kariya su ne ke cin rayuka. Saboda haka kuɗin da ya rage daga sayen injin a sa shi a rigar kariya ga kowane kai har da ta yara, da filafilai biyu, da igiyar da ke kashe inji idan direba ya faɗa ruwa. A yi wa jirgin rajista da hukumar NIWA, a ɗauki direba ɗan yankin da ya san ruwan, a kuma tuntuɓi mutanen gari kan tsaro kafin kowace fita.

Sharaɗina kan hayaƙin shi ne a auna mai da mudubin awo yadda littafin injin ya ce, galibi rabin lita a tankin lita 25, ba da ido ba. Kada kuma jirgin ya shiga madatsar Tagwai, ruwan da Minna ke sha.

Mai wata hujja ya kawo ta taro mai zuwa kafin a fitar da kuɗi. Allah ya tsare mu a tudu da ruwa, amin.

Sakataren ƙungiya, Minna