Haba 'Yan Situdiyo, Wa Ya Biyo Ku Ne?

Kwanakin baya na kalli wani sabon fim na sarauta. Ba zan kama sunansa ba, domin ba rigima na zo nema da furodusa ba, kuma ba shi kaɗai ne mai wannan laifin ba. Gaskiya an kashe kuɗi. Dawaki sun sha ado, dogarai sun fito dogarai, rawunan ma an naɗa su daidai, abin da ba kasafai ake samu ba. Da aka zo wurin naɗin sarki sai ga mutum shida sun durƙusa a ƙofar fada, kowa rataye da kotso. Na gyara zama, na ce yau kunne zai sha daɗi. Ina! Suna buɗe baki sai fiyano ya ɓarke da gudu kamar an biyo ɓarawo a kasuwa. Hannun makaɗan daban, sautin daban. Muryar 'yan amshi kuwa, ko yaro ya ji ya san ta mutum ɗaya ce aka ɗauka aka jera sau biyar a kwamfuta. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, salon marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun aka ara aka yi wa wannan wulaƙancin.

Ni ban riski Ɗanƙwairo ba. Ya rasu a 1991, kafin a haife ni. A kaset ɗin mahaifina na san shi, da kuma Rediyon Kaduna. Amma duk wanda ya zauna ya saurari waƙoƙin da ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, ko 'Yandoton Tsafe, ko Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya san cewa daɗin nan ba daga maƙogwaron mutum ɗaya yake fitowa ba. Ƙungiya ce guda take numfashi tare. An haife shi a Bakura wajajen 1909, a gidan kiɗa, kuma ya yi shekaru yana amshi a bayan yayansa Kurna kafin ya zama jagora. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya taɓa tsayawa a sahun baya ya san inda numfashin ɗan amshi ke ƙarewa, ya san kalmar da in aka yi hanzari a kanta za ta sarƙe masa. Daga baya 'ya'yansa ma a wannan sahun suka tashi.

Ku saurara da kyau ku ji yadda ake yi. A wurin Shata, Allah ya jiƙansa, aikin 'yan amshi shi ne su riƙe gindin waƙa suna maimaitawa, shi kuma ya yi ta zuba a sama. Gidan Ɗanƙwairo ba haka ba ne. Zai fara ɗan waƙa, kafin ya dire sun tarbe shi sun ƙarasa. Wani lokacin su raka shi har ƙarshe, wani lokacin su ƙara abin da bai faɗa ba, wani lokacin su kasu biyu suna miƙa wa juna. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun ba waɗannan dabaru sunaye: tarbe, rakiya, ƙari, karɓeɓeniya. To, duk ba sa yiwuwa sai akwai wanda ke riƙe da linzamin tafiyar, wanda zai ja in an zo kan kirarin sarki don kowace kalma ta zauna, ya kuma saki in an zo zambo ko habaici don abin ya yi zafi. Shi kansa kotson da hannu ake kaɗa shi, ana matsa tsarkiya ana saki, yana bin maganar mawaƙi. Kiɗan ne ke jiran magana.

A situdiyo kuwa magana ce ke bin kiɗa a guje. Na taɓa zama a wani a Kano ana haɗa waƙar fim. Tun kafin mawaƙin ya gama karanto baitocinsa daga waya, yaron da ke kan kwamfuta ya riga ya sa bugu 130 a minti ya kulle. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Yallaɓai, in ba haka ba ba ta rawuwa." Shi kenan. Daga farkon waƙa har ƙarshenta bugun nan ba zai ragu ba, ba zai ƙaru ba, ko ana yabon sarki ne ko ana kukan mutuwa. Baitin da ya yi tsawo sai a cusa shi da ƙarfi kamar ana ɗura wa buhu kaya.

Kuma Hausa ba ta yarda da wannan. Harshenmu yana rarrabe dogon wasali da gajere. Mai gari da ke mulkin jama'a da mai gari da ke aunawa a kwano a kasuwa, bambancinsu a baki shi ne ɗan jan da ake yi wa “ga” ɗin nan kawai. In ka ƙure gudu, jan ya tafi, ka mai da ɗan tireda basarake. Shi ya sa za ka ji waƙar fim sau goma ka iya rawarta tsaf, amma a ce ka faɗi abin da aka ce, sai ido.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce zamani ne, matasa rawa suke so, kuma ai shi ma Ɗanƙwairon ba a sanyaye yake waƙa ba. Wannan na ƙarshen gaskiya ne, na yarda. Kiɗansa yana da zafi, in ka gwada shi da na Narambaɗa za ka ji ya fi kuzari. Ai ni ban ce a riƙa jan waƙa kamar tafiyar hawainiya ba. Saurinsa na doki ne da mahayi a kai. Naku kuwa mota ce da burki ya tsinke. Batun zamani kuma, tun daga lokacin “Sangaya” fiyano ya zauna daram a finafinanmu, babu mai cewa a kore shi. Ku yi waƙar soyayyarku da shi, ku yi rawarku a lambu, Allah ya ba da kasuwa. Amma in kun ce fada za ku nuna mana, to fada tana da takunta. Yaushe aka taɓa ganin sarki yana sassarfa?

Akwai wata ɓarnar ma da ba a lura da ita. Da yawa daga tsofaffin waƙoƙin nan da ke yawo a YouTube da wayoyi daga kaset aka kwafo su, kuma ba kowace rakoda ke juya kaset daidai ba. Duk wanda ya yi zamani da kaset ya san in batir ya yi sanyi murya kan koma ta ƙato, in na'urar ta cika gudu kuma ta koma ta yara. Ƙarin gudu na kashi 6 cikin 100 kacal ya isa ya ɗaga murya mataki guda a kan fiyano. Ga kuma 'yan TikTok da ke ƙara wa waƙa gudu da gangan. Yaron da ya tashi da jin irin wannan, shi a zatonsa haka marigayin yake, sai ya je situdiyo ya ɗora nasa a kai. Ɓata kan ɓata.

Abin haushin shi ne gyaran ba shi da tsada. Makaɗan kotso ba su ƙare ba a ƙasar Zamfara da Sakkwato, suna nan suna zuwa bikin naɗi da hawan salla. Kuɗin da aka kashe wajen hayar dawakin fim ɗin nan na yini ɗaya, na tabbata zai ɗauko ƙungiya guda har Kano ya mai da ita gida. A sa su a ɗaki ɗaya, a kafa makirfo, a kashe ƙararrawar nan mai ƙirga bugu, a bar jagoransu ya ja su yadda ya saba. In sun ɗan yi gaba ko sun ɗan yi baya, a ƙyale, kada wani ya ce zai daidaita da kwamfuta.

Da fim ɗin ya ƙare na kira wani abokina da ya yi aiki a cikinsa, na tambaye shi su waye mutum shidan nan da suka riƙe kotso. Ya yi dariya ya ce biyu direbobi ne, ɗaya mai kawo abinci, sauran kuma a unguwar aka tsince su. Kotsunan ma, in ji shi, uku daga ciki fatarsu a fashe take.