A Tanadi Wayar Iska Kafin Gulbin Rima Ya Sake Cika

Duk wanda ya zauna a Sakkwato cikin watan Satumba na 2010 ba zai manta da abin da Gulbin Rima ya yi ba. Ruwa ya cika madatsar Goronyo ya tumbatsa, ya malale gonaki da ƙauyukan da ke bakin fadama, tun daga Goronyo har Wurno da Kware, ya kuma cinye gadar da ke kai mutum mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Dubban mutane suka kwana a makarantu. Bayan haka an yi maganar gyaran gada, da raba hatsi da tabarmi, amma akwai abu guda da har yanzu ba a ba shi muhimmancin da ya cancanta ba, watau yadda waɗanda ruwa ya tsare za su aika da labari, da yadda hukuma za ta mayar musu da amsa.

Madatsar Goronyo, wadda aka gama gininta a 1984, tana iya riƙe ruwan da ya haura kubik mita miliyan 900. Ran da ya zama tilas a saki wannan ruwa, ran nan manomin shinkafa na Wurno yake bukatar gargaɗi, ko da na 'yan sa'o'i ne, domin ya kwashe iyalinsa da bisashensa. Mutanen Rabah kuwa, da ke bakin Gulbin Sakkwato, idonsu yana kan madatsar Bakolori. Gargaɗin da bai isa kunnen mai shi ba daidai yake da ba a yi ba.

Wani zai ce ai yanzu kowa yana da wayar salula a aljihu. Gaskiya ne, sai dai wayar ba ta magana da kanta. Dogaronta yana kan turakun sadarwa, su kuwa galibinsu da injin bakin mai suke aiki. Idan hanya ta yanke, motar mai ba ta zuwa, inji ya tsaya, turke ya mutu. Haka kuma igiyoyin sadarwa da ake binnewa sukan bi gefen titi da jikin gada, abin da ya ci gadar ya ci su. Ko a tsibirin Puerto Rico da ke ƙarƙashin Amurka, guguwar Maria ta 2017 ta kashe kimanin kashi 95 cikin ɗari na turakun wayar salula. Mu ma mun ɗanɗana zama ba waya a 2021, lokacin da aka rufe layuka a ƙananan hukumomi 14 na wannan jiha, har da Rabah da Goronyo, saboda tsaro. Mutane sun ga yadda kiran likita ko aika saƙon rasuwa ya koma sai da tafiya a ƙasa.

Maganin wannan ba sabon abu ba ne. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta Janairun 2010, ƙungiyar Inveneo ta ɗora ƙananan eriya a kan rufin gine-ginen birnin Port-au-Prince, ta haɗa ofisoshin masu agaji da Wi-Fi mai dogon zango, ta jona su da tauraron ɗan Adam. Aikin eriyar shi ne ta harba saƙo kai tsaye zuwa 'yar'uwarta da ke nesa da kilomita da yawa, muddin babu tudu ko itace a tsakaninsu. Wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba. Faifan hasken rana da batir sun ishe ta, rana kuwa ba mu rasa ta ba a Sakkwato. Idan an jera su daga tankin ruwa zuwa rufin asibiti, daga nan zuwa sakatariya, kowace tana miƙa wa ta gaba, in ɗaya ta faɗi saƙo ya zagaya ta wata.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Da fari, Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Jiha ta kafa irin wannan layi daga ofishin madatsar Goronyo zuwa sakatariyoyin Goronyo, Wurno da Rabah, har zuwa Sakkwato, a kan wurare masu tudu waɗanda ruwan 2010 bai kai ba, kowace sakatariya kuma da na'urar tauraron ɗan Adam guda. Na biyu, a raba rediyon oba-oba ga hakimai da dagatan bakin fadama, gama shi ba ya bukatar turke, kuma wanda bai yi karatu ba yana iya riƙe shi. Na uku, a nemi iznin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa tun yanzu, a kuma nemi tallafin asusun da dokar sadarwa ta 2003 ta kafa domin kai waya karkara.

Mun san za a kawo hanzari biyu. Za a ce ga Rediyon Rima yana isa ko'ina. Lalle yana isa, amma shi faɗa yake yi, ba ya saurare. Dagacin da ke da mata masu naƙuda a tsibirin ruwa yana bukatar a ji shi. Za a kuma ce ɓarayi za su sace kayan, ko 'yan bindiga su amfana da su. Wannan tsoro yana da tushe, shi ya sa muka ce a ɗora su a harabar hukuma inda akwai masu gadi, a rubuta sunan duk wanda aka danƙa wa oba-oba, layin kuma ya zama na aikin agaji kurum.

Babban haɗarin ma ba sata ba ce, sakaci ne. Mun saba ganin kayan gwamnati a sito ƙura ta rufe su, batir ya mutu, wanda ya san kansu an yi masa canjin wurin aiki. Don haka tilas a gwada layin kowace shekara kafin damina, a ware kuɗin gyaransa cikin kasafi, a kuma horar da ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, 'yan asalin waɗannan garuruwa, su zama masu kula da shi. Ɗalibin da ya kafa eriya a garinsu ba zai bari ta lalace ba.

Ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, wadda ɓallewar madatsar Alau ta jawo, ta tuna mana cewa ruwa ba ya aiko da takardar sanarwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna kira ga ma'aikatan da ke tsara kasafin jiha da na waɗannan ƙananan hukumomi uku su sa wannan aiki cikin lissafinsu na bana, tun fadama tana bushe. Allah Ya kiyashe mu da sharrin ruwa, Ya ba mu albarkarsa.