Roy Keane da Rikicin Saipan: Kyaftin ɗin da Ya Juyo Daga Bakin Ƙofa

Ranar 16 ga Mayun 2002 Super Eagles ta je birnin Dublin ta doke Jamhuriyar Ailan da ci 2 da 1 a wasan sada zumunta, ana saura mako biyu a fara gasar Kofin Duniya ta Japan da Koriya ta Kudu. Ina ɗalibi a lokacin, kuma na tuna yadda muka kwana muna murna kamar kofin ne ya zo hannu. Babu wanda ya kawo a ransa cewa kyaftin ɗin Ailan na wannan dare, Roy Keane, ba zai sake saka rigar ƙasarsa ba sai bayan shekara 2. Mako guda da yin wasan aka sallame shi daga sansani a wani tsibiri mai suna Saipan, ya komo gida bai taɓa ƙwallo ko sau ɗaya a gasar ba. Har yau mutanen Ailan ba su gama gardama a kan lamarin ba, ta kai ga an shirya fim a kansa a 2025. Ni ma ina da ra'ayi, sai dai kafin a yanke wa mutum hukunci ya kamata a san ko wane ne shi.

An haifi Keane a birnin Cork ranar 10 ga Agustan 1971, a gidan masu ƙaramin ƙarfi. Yana yaro ya yi dambe kafin ƙwallo ta rinjaye shi. Ƙungiyoyin Ingila ba su waiwaye shi ba, ana ganin ya cika ƙanƙanta, don haka ya fara da wata ƙaramar ƙungiya ta ƙasarsu, Cobh Ramblers. Daga can Nottingham Forest ta saye shi a 1990 kan fam 47,000, ya faɗa hannun Brian Clough, tsohon kocin da ya ci Kofin Turai sau 2 da wannan ƙungiya. Da Forest ta faɗo daga gasar Firimiya a 1993, Blackburn Rovers ta kusa ɗauke shi, amma takardu suka yi jinkiri, Alex Ferguson ya shiga tsakani. Manchester United ta biya fam miliyan 3.75, kuɗin da ba a taɓa biya ba tsakanin ƙungiyoyin Birtaniya kafin nan.

Shekara 12 ya yi a United. Ya buga wasa 480, ya ci ƙwallo 51, ya ɗauki Firimiya sau 7 da Kofin FA sau 4, kuma shi ne kyaftin tun daga 1997 da Eric Cantona ya ajiye takalmi. Matasan da suka san shi a talabijin yana sharhi yana tsawa sun ɗauka mai sharar ƙafa ne kawai. Waɗanda suka gan shi sun san ɗan wasan tsakiya ne da ba kasafai ƙwallo ke ɓata a ƙafarsa ba: ya karɓa, ya bayar a kusa, ya matsa, ya sake karɓa, har abokan hamayya su gaji da bin inuwarsa. A 2000 'yan wasan Ingila da marubuta wasanni duka suka zaɓe shi gwarzon shekara.

Mai son ya fahimci Keane sai ya koma daren 21 ga Afrilun 1999 a Turin, wasa na biyu na kusa da ƙarshe a Gasar Zakarun Turai. An tashi kunnen doki, 1 da 1, a Old Trafford. Cikin minti 11 na farko Filippo Inzaghi ya zura wa United ƙwallo 2, ga Zinedine Zidane da Edgar Davids a tsakiyar Juventus. Keane ya tashi ya sa kai a bugun kusurwar David Beckham ya rama ɗaya. Jim kaɗan ya yi wa Zidane ƙeta, alƙali ya ɗaga masa katin gargaɗi, wanda ke nufin ko United ta haye, shi ba zai buga wasan ƙarshe ba. Mutum da yawa jikinsa zai yi sanyi a nan. Shi kuwa sai ya ƙara ƙaimi, ya ja ƙungiyar har ta yi nasara da ci 3 da 2. Daren da United ta doke Bayern Munich a Barcelona ta haɗa kofi 3 a kaka guda, yana gefe cikin kwat. A Turin ya zubar da guminsa ne don wani biki da ya san ba a gayyace shi ba, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan a ransa sa'ad da muka isa Saipan.

Ba na wanke shi tas. An ba shi jan kati fiye da sau 10 a United. Abin da ya yi wa Alf-Inge Haaland, mahaifin Erling na Manchester City, a Afrilun 2001, mugunta ce tsagwaronta. Ƙullin ya samo asali ne tun 1997, ranar da jijiyar gwiwar Keane ta tsinke a filin Leeds, Haaland ya tsaya a kansa yana zarginsa da ƙaryar ciwo. Keane ya riƙe abin kusan shekara 4, ya rama da ƙafa a gwiwa, daga baya littafin tarihinsa ya nuna da gangan ne, aka dakatar da shi wasa 5 tare da tarar fam 150,000. A lura da abin da ya tunzura shi: zargin ƙaryar ciwo. Za mu sake haɗuwa da wannan zargi.

A ɓangaren ƙasa, ya fara buga wa Ailan a 1991 ƙarƙashin Jack Charlton, yana kuma cikin waɗanda suka doke Italiya da ci 1 da nema a Kofin Duniya na 1994 a Amurka. Amma aikinsa mafi girma shi ne neman gurbin 2002. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 4 ba ta faɗa rukuni ɗaya da Fotugal ta Luis Figo da Holan ta Louis van Gaal, ta kuma gama wasa 10 ba a doke ta ba. Keane ne ya ci ƙwallon Ailan a wasan da suka tashi 1 da 1 da Fotugal a Dublin. Ranar 1 ga Satumbar 2001, tun a mintin farko ya kai Marc Overmars ƙasa, kamar mai shela cewa yau ba sauƙi, Ailan ta doke Holan da ci 1 da nema alhali an kori mata ɗan wasa guda. Akwai sanannen hoton da aka ɗauka bayan wasan: koci Mick McCarthy ya miƙa hannu, Keane ya ba shi nasa yana kawar da kai. Tun ranar kowa ya ga akwai tsamin dangantaka. Ailan ta kammala da fitar da Iran a wasan cike gurbi, sai dai Keane bai je wasa na biyu a Tehran ba saboda gwiwa, a cewarsa bisa yarjejeniyar da Ferguson da McCarthy suka yi.

Saipan ƙaramin tsibiri ne a tekun Fasifik, ƙarƙashin ikon Amurka. McCarthy ya zaɓe shi don 'yan wasa su huta su saba da zafi kafin su wuce Japan a fara shiri na sosai. Da suka sauka, kayan atisaye da ƙwallaye ba su iso ba, filin kuma ya bushe ya yi tauri. Ga mutumin da ya saba da tsarin Ferguson, wanda ya daɗe yana ƙorafin cewa jami'an hukuma na zama a kujerun alfarma na jirgi 'yan wasa na cunkushe a baya, wannan ya isa. Ya ce zai koma gida, aka lallashe shi ya fasa. Sannan ya yi hira da jaridar Irish Times ya zazzage abin da ke cikinsa. Ranar 23 ga Mayu McCarthy ya tara dukan tawaga, ya tsare shi da batun hirar a gaban kowa, har magana ta kai ga zargin cewa ciwon da ya hana shi zuwa Tehran na ƙarya ne. Keane ya buɗe baki ya yi masa wankin babban bargo da kalaman da ba za su bugu a jarida irin wannan ba. A daren aka sanar da korarsa.

Ailan ta rabu biyu, gida gida, har shugaban gwamnati na lokacin, Bertie Ahern, ya nuna a shirye yake ya shiga tsakani. 'Yan jarida suka yi sansani a ƙofar gidan Keane a Ingila, shi kuwa ya fito da karensa yana zagaya unguwa. An yi ta kai-komo a kan ya nemi gafara ya koma. Bai nema ba.

To, wa ke da laifi? A kan ainihin ƙorafin, gaskiya na wajen Keane, kuma ba ni kaɗai na faɗa ba. Hukumar ƙwallon Ailan da kanta ta sa masana daga waje su yi bincike, rahotonsu, wanda aka sani da rahoton Genesis, ya soki yadda ta tsara tafiyar da ma yadda take tafiyar da al'amuranta, babban sakatarenta ya sauka. Abin da Keane ke yaƙi da shi ya fi ƙarfin busasshen fili. Yana yaƙi ne da tunanin nan na cewa ƙaramar ƙasa in ta samu zuwa gasa, zuwan ma ya wadatar, sauran kuma shagali ne. Shi ya je ne da niyyar cin kofi, ko aƙalla ya faɗi yana nema. Mu nan ba baƙin wannan labari ba ne. A wannan shekarar dai kyaftin ɗin Super Eagles, Sunday Oliseh, ya yi sa-in-sa da mahukunta a kan haƙƙoƙin 'yan wasa lokacin gasar Afirka a Mali, sunansa bai fito a jerin masu zuwa Kofin Duniya ba. Ƙasashen nan biyu da suka kara a Dublin cikin Mayu duk sun isa gasar babu jagororin tsakiyarsu.

McCarthy ma ya tafka nasa kuskuren, kuma kuskure ne na shugabanci. Duk wanda ya taɓa riƙe sashe a jami'a ko wani ofishi ya san cewa ma'aikaci mai zafin kai, wanda kuma ba a iya yi sai da shi, ɗaki ake jan sa a rufe ƙofa. Ba a tsare shi a bainar jama'a, balle a taɓa masa wurin da ya fi ciwo. Mutumin da ya daɗe yana buga wasa da ciwo a jiki, a ce masa maƙaryacin ciwo a gaban yaran da yake jagoranta, me ake jira ya yi? Babba juji ne, kuma a ɗakin nan McCarthy ne babba.

Duk da haka ba zan iya tsayawa tare da masu cewa Keane gwarzo ne a Saipan ba. Shi ma babba ne, kyaftin ne. Mutum 22 da ya bari ba su suka manta da ƙwallaye ba, ba su suka zaɓi filin ba. Da yawansu wannan ce kaɗai damarsu a rayuwa, kuma sun dogara da shi. Yana da hanyoyi: ya haɗiye fushinsa na wata guda, ya buga gasar, ya dawo ya fasa ƙwai, a lokacin da babu mai iya ce masa uffan. Ko kuma bayan ɓarin baki ya furta kalma ɗaya ta ban haƙuri a kan lafazi, ba tare da ya janye ƙorafi ba. Wanda ya yi wa ƙungiya wahala a Turin yana sane ba zai ci moriya ba, shi ne ya kasa yi wa ƙasa haƙurin kwana 30. Na daɗe ina tunanin yadda hali ɗaya ya haifi abubuwan nan biyu, kuma abin da na gano shi ne Keane yana iya sadaukar da jikinsa ga kowa, amma bai taɓa iya sadaukar da hujjarsa ba. Hakan ya sake fitowa a ƙarshen 2005, sa'ad da ya caccaki abokan wasansa a tashar talabijin ta United bayan Middlesbrough ta lallasa su da ci 4 da 1. Ba a watsa hirar ba, kuma cikin makonni ya bar ƙungiyar, ya ƙarasa wata shida a Celtic ta Sikotlan, ciwon ƙugu ya sa ya yi ritaya a 2006.

Abin da ya fi ci wa mutanen Ailan rai shi ne yadda gasar ta kasance. Ba Keane, sun yi 1 da 1 da Kamaru, suka yi 1 da 1 da Jamus da ƙwallon Robbie Keane (ba ɗan'uwansa ba ne, suna ne ya zo ɗaya) a daƙiƙun ƙarshe, suka doke Saudiyya 3 da nema. A zagaye na biyu sun riƙe Sifaniya 1 da 1 har ƙarin lokaci, Sifaniya na da mutum 10 saboda rauni, sai a bugun fenareti aka fitar da su. Jamus ɗin da ta kasa doke su ita ta kai wasan ƙarshe. Magoya bayan McCarthy na cewa ga shi an yi ba da shi ba. Magoya bayan Keane na cewa da yana nan da Sifaniya ba ta kai labari ba. Ni na fi karkata ga na biyun, kuma wannan ne ma ya sa nake ganin laifinsa da nauyi.

McCarthy ya ajiye aiki a Nuwambar 2002. Keane ya dawo a 2004 ƙarƙashin Brian Kerr, Ailan ta kasa samun gurbin 2006, ya yi sallama da wasa 67 da ƙwallo 9. Wani abin mamaki, Niall Quinn, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan da suka zauna kusa da McCarthy a taron manema labarai na daren kora, shi ne ya ɗauke shi kocin Sunderland a 2006, ya kuwa haye da ita Firimiya a kakarsa ta farko. Daga 2013 zuwa 2018 ya yi mataimakin Martin O'Neill a tawagar ƙasa, ya je gasar Turai ta 2016 a Faransa yana zaune a benci. Wasansa na ƙarshe a Kofin Duniya shi ne wanda Holan ta fitar da Ailan da ci 2 da nema a Orlando, ranar 4 ga Yulin 1994, yana da shekara 22.