A Auna Ruwan Ƙazantar Birni Kafin Ya Iso Mashayar Dabbobinmu

Mun daɗe muna kuka a kan burtali da makiyaya da gonaki suka cinye, kuma kukan yana kan hanya. To amma akwai wata magana da ba mu cika tayar da ita a taro ba, ita ce maganar ruwan ƙazanta da birane ke sakowa cikin kogi da tafkuna inda bisashenmu ke sha.

Duk wanda ya taɓa kai garke Yamai ya san ƙoramar Gunti Yena, wadda ta ratsa gari tana kwasar ruwan wanka da wanki da na salga tana zubawa a kogin Isa. Ga kuma na mayanka da na majema da na marina. Can ƙasa, wajen Saga, shanu na shan wannan ruwa, masu lambu na ban-ruwa da shi, mata na wanki. In aka yi magana sai a ce ai kogi babba ne, yana tafiya da kome. Da damina da lokacin cikar kogi ana iya faɗin haka. Amma a watan Mayu da Yuni fa? Dattawanmu ba su manta ba, a shekarar 1985 kogin nan sai da ya tsaya cik a Yamai. Ruwa na raguwa da bazara, ƙazantar birni kuwa ba ta raguwa, kuma a daidai lokacin ne dabba ta fi jin ƙishirwa, saniya guda tana iya shan lita 30 zuwa 40 a yini.

Mu makiyaya da ido da hanci muke sanin ruwa. Malamai ma launi da ɗanɗano da wari suka koya mana mu duba, wannan kuwa hukuncin tsarki ne, yana nan daram. Sai dai lafiyar dabba wata magana ce dabam. Ka jefa sukari cikin shayi, ka tace da kyalle, ina sukarin? Yana ciki. Haka jini da fitsari da ruwan tumbi da sabulu da ruwan bagaruwa suke narkewa. Laka za ta kwanta, ruwa ya yi garau, abin da ya narke kuwa yana nan.

Masu ɗakin awo suna da dabarar gano shi. Da farko sukan tace ruwan da wata matata mai ƙananan ƙofofi ƙwarai, duk abin da ya wuce ta shi ne narkakke. Sa'an nan akwai awon da ake kira DBO5 da Faransanci. Cikin ruwa akwai iskar oksijin, wadda kifi ke rayuwa da ita, akwai kuma ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu cin ƙazanta suna shaƙar wannan iska. Sai a cika kwalba da ruwan, a toshe, a ajiye cikin duhu kwana 5 a sanyin digiri 20, daga baya a duba yawan iskar da aka cinye. In ta tafi da yawa, ƙazanta ta yi yawa ke nan. Wannan awo ba sabo ba ne, tun 1912 Ingila ta kafa ƙa'idarta a kansa. Akwai ɗan'uwansa DCO, wanda ake dafa ruwan da magani mai ƙarfi awa 2, shi yana kama har abin da ƙananan halittun suka kasa ci, kamar wasu rinin tufafi.

Ku dubi lissafin. Kogi mai tsabta awonsa ba ya wuce miligiram 2 ko 3 a lita. Ruwan kwatar gidaje yakan kai 200 zuwa 400. Jini zalla kuwa ya haura 150,000. Alhali lokacin zafi lita guda ta ruwa iskar da take riƙewa ba ta wuce miligiram 8 ba. Wato lita ɗaya ta jini tana iya cinye iskar ruwan tano 100 masu cin lita 200. Yanzu ku ƙiyasta jinin shanun da ake yankawa kowace asuba. Mu muka kai shanun nan kasuwa, jininsu kuma ya dawo mana a mashaya.

In iska ta ƙare, ruwa ya yi baƙi, ya yi ɗoyi, kifi ya mutu. Abin da ya fi tsoratar da ni shi ne na bayan wannan. Ruɓaɓɓiyar ƙazanta taki ce, ita ke ciyar da gansakukar nan kore shar mai kama da fenti da ke taruwa a bakin tafki. Wani irinta yana da dafi mai lalata hanta, yana kashe dabba cikin yini guda, kuma tun 1878 aka shaida haka a Ostireliya. Mai dabba sai ya ce maciji ne ko sammu. Su ma fatake abin ya shafe su, domin ƙwan tsutsar ciki da ke cikin bayan-gidan mutum, in saniya ta sha, shi ke zama ƙwayoyi cikin nama, likitan dabbobi ya hana sayarwa. Wannan awonsa dabam ne, a haɗa da shi.

Gyara ba ya buƙatar injin Turai. A Wagadugu, unguwar Kossodo, tun 2004 aka gina manyan tafkuna a jere, ruwan ƙazanta na bi daga wannan zuwa wancan har makonni, rana da ƙananan halittu suna cinye dattin. Rana kam ba mu rasa ta ba. Amma ko an gina tafki, ba a sanin yana aiki sai an auna ruwa wajen shiga da wajen fita.

Doka na tare da mu. Dokar ruwa ta 2010 ta ce mai ɓata ruwa shi ke biya, dokar kiwo ta 2010 kuma ta tabbatar da cewa yawon kiwo haƙƙinmu ne. To wa zai biya in babu shaida? Ka je gaban hukuma ka ce ruwa na wari, za a ce maka tun kakanni haka yake. Ka je da takarda mai lamba, dole a saurare ka.

Saboda haka ina kira ga hukumomi da masanan Jami'ar Abdu Mumuni da ma'aikatar kiwo, a riƙa ɗibar ruwan awo a bakin mashaya, inda saniya ke sa baki, ba a tsakiyar kogi cikin jirgi ba. A ɗiba da bazara, kuma da safe bayan an gama yanka. Wakilin makiyaya ya kasance a wurin. Sakamakon kuma a karanta shi a rediyo da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci. Ku kuma shugabannin rassa, kowa ya rubuto mana sunayen mashayun yankinsa da ruwan gari ke shiga, da watan da dabbobi suka fi zawo ko mutuwa, kafin taro mai zuwa.