Uwargida, Je Ki Ga Gidan Kafin A Biya Kuɗi

Da zarar kaka ta yi a Dandume, an sayar da masara kuɗi sun shigo hannu, sai ki ji maigida ya ce zai sayi tsohon gida. Shawarata ita ce ki roƙe shi ya bari ki je ki gani tukuna. Shi iyakarsa zaure, in ma ya shiga ciki leƙe ne kawai, don akwai matan mutane. Ke kuwa har ƙuryar ɗaki za ki shiga, kuma ke ce za ki wuni a gidan.

Ki tuna ciniki ne na rani, lokacin da kowane gida lafiyayye ne. Sai ruwan Agusta ya sauka ake sanin gaskiya.

Fara da gindin bango. In kin ga ƙasa tana zuba, to danshi ya ci shi. Kada sabon siminti ya ruɗe ki, domin in an shafe bangon ƙasa da shi yakan riƙe ruwa a ciki, bangon yana ruɓewa ba a sani ba. Ƙwanƙwasa shi, in ya yi ƙara kamar ganga, ya rabu da bangon. Ɗaga kai ki dubi azara, musamman inda ta shiga bango, nan take fara ruɓewa, nan kuma gara take bi. Dubi indararo da rariya, ki ga ina ruwan gidan yake fita.

Sa'an nan ki auna tsakanin rijiya da masai. Masana lafiya suna son a bar kamar mita 30, don ƙazanta tana bi ta ƙarƙashin ƙasa ta kawo amai da gudawa. Tambayi inda tsohon masai yake, kada wata rana daɓe ya rufta da yaro.

Kada ki dogara da bakin dillali, shi la'adarsa yake nema. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka ki zauna da matan gidan da maƙwabta, za su gaya miki abin da ba a gaya wa maza.

Babban aibi kuwa ido ba ya ganinsa. Tsofaffin gidaje da yawa na gado ne. Shin an raba? 'Yan'uwa mata da ke aure a Funtua ko Malumfashi sun yarda an sayar? In ba haka ba, kotu kuka sayo. A yi ciniki gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta takarda, kowane magaji ya sa hannu.

Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku takardar nan kalma kalma kafin su dangwala yatsa. Kada a yi cinikin biri a sama.

Allah ya ba mu muhalli mai albarka, amin.